Ta yaya ake ɗaukar bidiyon ƙwari irin na BBC? Ina so in gwada a nan Zariya

Auwal_Samaru:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu harkar kyamara da waɗanda suka karanci ilmin dabbobi ina neman shawara. Ni ɗalibi ne a Samaru, ina ɗan taɓa ɗaukar bidiyon biki da suna a ƙarshen mako, da shi nake rufa wa kaina asiri. To kwanan nan na kalli wani tsohon shirin BBC na David Attenborough da ya fito a 2005, Life in the Undergrowth, kashi 5 ne, gaba ɗaya akan ƙananan halittun nan marasa ƙashin baya da ke rayuwa a tudu, su kunama, gizo-gizo, kadandoniya, dodon koɗi, tururuwa, da yadda suka faro tun asali. Wallahi abin ya tsaya min a rai, saboda kusan duk irin abin da suka zagaya duniya suna nema muna da danginsa a bayan ɗaki, ga suri nan birjik ta hanyar Shika da Bomo, ga zanzaro yana gini a silin ɗin kowa, amma ban taɓa ganin an yi shiri ɗaya da Hausa akan su ba wanda yaro a Gyallesu zai kalla ya ce ai wannan na gidanmu ne.

Tambayata ita ce wane irin kaya ake buƙata, ni dai ƙaramar Canon gare ni da lens ɗin da ta zo da shi sai waya, kuma ya suke yi su shiga har cikin rami ko cikin suri, da gaske ne ko haɗawa ake? Sannan ɓangaren tarihin asalinsu na shekaru miliyoyi, abin da ya riga ya wuce ta yaya mutum zai nuna shi a bidiyo? Na gode.

Baban_Ummi_SabonGari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma harkar kyamara nake, bari in ba ka ɓangaren kaya, sauran sai masana.

Abu na farko kada ka ce sai ka sayi sabuwar kyamara, wadda ke hannunka ta isa farawa. Abin da ya rage maka shi ne lens da zai iya matsawa kusa, wato makro. Na ainihi yana da tsada, amma akwai zoben da ake sawa tsakanin kyamara da lens yana ƙara nisan su, babu gilashi a ciki ma, da shi lens ɗinka na yanzu zai ga idon fara. Akwai kuma zoben da ake juya lens da shi a ɗaura shi ta baya. Waya ma akwai ɗan gilashin da ake maƙala mata. Wanda manya suke amfani da shi yanzu shi ne dogon lens ɗin nan siriri na Laowa da ya fito a 2018, ya kai wajen santimita 40, da ƴan fitilu a bakinsa, ana zura shi cikin ciyawa ko rami sai kaga ƙwaro a gaba ga kuma gari gaba ɗaya a bayansa. Lura da shekarar, wancan shirin da ka kalla an yi shi tun kafin wannan lens ɗin ya zo kasuwa, su da na'urorin leƙa ciki irin na asibiti da lens na musamman suka yi aiki.

Matsalar da za ta fi ba ka wahala ba kuɗi ba ce, fokas ne. Idan ka matsa har ƙwaro ya cika fuskar kyamara, wurin da zai fito tas bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, kan tururuwa ya fito amma bayanta ya dushe, ta ɗan motsa shikenan ta fita. Dole ka tsuke ƙofar lens zuwa f/11 ko f/16, da ka tsuke kuma haske ya ragu, in kuma kana son tafiyar hawainiya, wato slo, ta firem 120 ko 240 a daƙiƙa to nan ma wani hasken ake ci. Shi ya sa aikin nan gaba ɗaya yaƙin haske ne. Mu kuma Allah ya ba mu rana, sai dai ranar tsaka tana ƙona hoto kuma tana korar ƙwaron, ka nemi farin yadi marar kauri ka riƙe tsakanin rana da shi, sai farar takarda ta ɗaya gefen tana mayar da haske ƙarƙashin cikinsa. Kada ka haska masa fitila mai zafi, ɗan jikin nan nan da nan yake bushewa. Kuma in za ka yi slo da dare kada ka dogara da ƙwan wutar gari ko na janareta, wutarmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa, hoton zai riƙa ƙyafta, fitilar batir mai kyau ka nema ka gwada ta tukuna kafin ka fita.

Tirayifod kuma, wato abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, yawanci ya yi tsayi. Ka ɗinka ƴar jaka ka cika ta da wake ko yashi ka ɗora kyamara a kai a ƙasa, kai ma ka kwanta, saboda in ka ɗauki ƙwaro daga sama ƙwaro ne kawai, in ka sauko daidai idonsa sai ya zama wani mai rai da ake bin labarinsa. Ka fita da sassafe lokacin sanyi bai sake su ba kuma iska ba ta taso ba, ɗan kaɗawar ganye da ido ba ya gani a makro girgiza ce babba.

Maman_Sadiq:

Auwal sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ni ɓangaren ƙwari na karanta, kuma tambayarka ta uku ce ta sa na tsaya rubutu don ita ce mutane suka fi ruɗewa a kai.

Ba wanda ya ɗauki bidiyon shekara miliyan 400 da suka wuce, abin da ake yi shi ne a ɗauki masu rai na yau a jera su yadda mai kallo zai ga matsala da mafita. Kakannin waɗannan halittun a ruwa suke, kuma sun hau tudu tun kafin duk wata dabba mai ƙashin baya, a wani wuri da ake kira Rhynie a Sikotilan an samu duwatsu masu shekara sama da miliyan 400 da ƙananan dangin gizo-gizo da wasu ƙwari a daskare a ciki har gashin ƙafarsu ana gani. To duk wanda ya bar ruwa matsala uku ke jiransa, kada ya bushe, ya zai yi numfashi, ya zai hayayyafa babu ruwan da zai kai maniyyi wajen ƙwai. Duka ukun kana iya ɗaukar amsarsu tsakanin Samaru da Kufena.

Ɗauki tana da dodon koɗi, su har yau ba su gama rabuwa da laima ba, tana ta fatarta take numfashi dole ta kasance a jiƙe, dodon koɗi kuma da rani ya shigo sai ya shige ya toshe bakin katantanwarsa da majina ta bushe ya jira damina. Sai ka wuce kan kunama da buzuzu da jikinsu ke da ɓawo mai maiƙo da ke hana ruwa fita, su ne za ka gani a busasshen wuri ko a jikinsu. Numfashi kuma, ka samu babbar fara ka ɗauki gefen cikinta kusa sosai, za ka ga ƴan ƙofofi a jere cikin yana bugawa, ta nan iska ke shiga ƴan bututu ta kai ko'ina kai tsaye, ba huhu irin namu. Wannan tsarin yana cikin dalilan da ake ganin sun hana ƙwari girma sosai, domin wajen shekara miliyan 300 baya lokacin da iskar oksijin ta fi ta yanzu yawa an yi wani dangin mazari da faɗin fikafikansa ya kai wajen santimita 70, a Faransa aka tono shi, an kuma yi dangin kadandoniya da ya haura mita 2. Irin waɗannan sai da zane ko kwamfuta, kuma ba laifi in ka faɗa wa mai kallo zane ne. Shi kansa mazarin da ke yawo a bakin Kubanni darasi ne, ka lura ba ya iya naɗe fikafikansa a bayansa, tsohon tsari ke nan, sai ka haɗa shi da buzuzu lokacin da yake buɗe murfin bayansa ya zaro fikafikan da ya ninke zai tashi, in ka samu wannan a slo ka gama da mutane.

Maganar hayayyafa kuma kunama ce gwana. Namijin yana riƙe macen ta hannuwa su yi ta gaba da baya yana neman wuri mai santsi, ya ajiye ƙunshin maniyyinsa a ƙasa ya jawo ta kai. Kuma ba ƙwai take sakawa ba, haihuwa take, ƴaƴan farare su hau bayanta har sai sun yi saɓa ta farko. Neman ta da dare ba wuya, tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da shi, da ka haska za ta yi ƙyalli kore-kore daga nesa. Amma dan Allah da takalmi rufaffe, kuma ba da yara ba, wasu kunamun arewa dafinsu ba na wasa ba ne.

Wani abin da zai ba masu kallonka mamaki, gara ba dangin tururuwa ba ce duk da zaman nasu ya yi kama, gara dangin kyankyaso ce, tururuwa kuma dangin zanzaro da rina da ƙudan zuma. Kenan zaman sarauniya da ma'aikata da sojoji kowanne ɓangare shi ya kai ga nasa daban. Garar da ke gina manyan surin nan kuma noma take, tana tauna ciyawa da itace ta gina wani abu mai ramuka-ramuka a ciki ta shuka naman gwari a kai, shi yake narkar mata da abincin. Sarauniyar tana iya kai tsawon yatsa ko fiye, ba ta iya tafiya, ƙwai dubbai take zubawa a rana.

Shawarata kafin ka taɓa kyamara ka je ka yi gaisuwa a sashen kare amfanin gona na cibiyar binciken noma ta IAR nan Samaru, suna da tarin ƙwarin da aka adana, ka ga sunan abin da kake ɗauka. Shiri ya faɗi sunan ƙwaro ba daidai ba ya fi hoto marar kyau zubar da mutunci.

Abu_Hafsat:

Malama na ji bayaninki kuma na ƙaru, amma ina da ɗan tsokaci ga Auwal. Wannan magana ta cewa wani abu ya fito daga wani abu, ka san mutanenmu, in ka buɗe shiri da ita rabin masu kallo za su kashe kafin su kai ga kunamar. Ni a ganina ka fara da abin da ido ke gani. Alƙur'ani kansa akwai surar Namli da Nahli da Ankabut, tururuwa da ƙudan zuma da gizo-gizo, kallon halittun nan da tunani a kansu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In ka zo kan shekarun duwatsu sai ka ce ga abin da masu bincike suka tono ga lissafinsu, ka bar mutum da hankalinsa.

Maman_Sadiq:

Malam Abu Hafsat ban ƙi ta taka ba wajen tsari, a fara da abin da ido ke gani ɗin shi ne daidai ko a aji haka muke yi. Abin da ba zan so ba shi ne a cire ɓangaren gaba ɗaya don tsoron surutu, duwatsun nan suna nan a gidajen tarihi ana auna shekarunsu, kuma yaranmu za su haɗu da tambayar a jarrabawa da intanet ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba, gara su ji ta da harshensu daga bakin wanda ya san mutuncinsu.

Dattijon_Wusasa:

Yaro na ga duk an ba ka na boko, ni manomi ne bari in ba ka na gona. Ƙwaro ba ya zuwa don ka zo da kyamara, kowanne da lokacinsa, wanda bai san lokacin ba zai yi ta yawo a rana a banza.

In kana son gina, wato garar nan mai fikafikai, ka shirya tun ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ƙasa ta jiƙu sosai, to daren nan ko washegari za su fito. Kowa hankalinsa na kan waɗanda ke zagaye fitila yara na tarawa a kwano, kai ka duba ƙasa. Za ka ga ta sauka ta karkaɗe fikafikan sun zube, macen ta ɗaga bayanta sama ta tsaya, namiji ya zo ya manne mata a baya, sai su kama tafiya ɗaya na bin ɗaya ba ya rabuwa da ita, suna neman inda ƙasa ta yi laushi su haƙa su shige. Wannan biyun su ne za su zama suri in Allah ya raya su, amma mafi yawa kwaɗi da ƙadangaru da kaji da tururuwa ne ke cinye su kafin gari ya waye. Minti kaɗan ne abin, in batirinka bai cika ba sai baɗi.

A wannan lokacin ne kuma jan ƙwaron nan mai laushin gashi yake fitowa bayan ruwa, kwana kaɗan ya ɓace. Buzuzu kuma ka bi inda Fulani suka kwana da shanu da safe, kashin da bai bushe ba. Kurkudu yana nan ko da rani a gindin katanga inda yashi ya yi laushi ruwa ba ya taɓawa, ka zauna kusa da ramin ka jira tururuwa ta zame, za ka ga yana watso mata yashi daga ƙasa har ta gangaro.

Amma zanzaro na fi ba ka shawara ka fara da shi tunda yana dawowa wuri ɗaya. Ka kafa kyamararka a ginin, ka daidaita komai ka bar ta, shi zai yi ta zuwa da ƙwallon laka a baki yana shafawa yana wani ƙara siriri, ya gina ƴan ɗakuna kamar tukwanen maginiya, sannan ya fara kawo gizo-gizo ko tsutsa, ya danganta da irinsa, ba matattu ba ne ya dai sa musu dafi sun sandare, ya cusa ya yi ƙwai ya liƙe. Ka zuba ruwa a wani lungu na tsakar gida ya yi taɓo, can zai riƙa ɗiba, ka ga ka samu wuri biyu ke nan. Kuma roƙona kada ka je ka fasa suri a gonar mutane ba izini, wasu ma macizai ne a ciki.

Auwal_Samaru:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma, Malama Allah ya saka da alheri. Saura guda ɗaya da ba a taɓa min ba, cikin rami da cikin suri ɗin nan, haɗawa ake ko kuwa? Kuma ƙarar tafiyar ƙafafun da ake ji fa?

Baban_Ummi_SabonGari:

Da yawa haɗawa ake, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne a wannan sana'ar. Ana gina wa ƙwaro wuri a ɗaki da ƙasar inda aka ɗauko shi da ganyen wurin, ko a sa ƙasa tsakanin gilashi biyu tururuwa su haƙa ramukansu a jikin gilashin a ɗauka ta gefe, a rufe da baƙin ƙyalle in ba a aiki. A duhu kuma ana amfani da jan haske tunda yawancin ƙwari ba sa ganin ja sosai, ko hasken infrared da kyamara kaɗai ke gani. Labari ɗaya na minti 3 ma sau da yawa ba ƙwaro ɗaya ba ne, an ɗauki wannan yau an ɗauki ɗan'uwansa wani makon an haɗa a editin. Ƙarar kuma mafi yawa a situdiyo ake yin ta daga baya, lens yana jawo hoto kusa amma makirfo ba ya jawo sauti haka, balle in slo ne babu sautin da zai dace. Kukan gyare da na fara dai ana ɗaukar na gaske, ka fita da waya da dare bayan ruwa ka tara abinka.

Inda ni na ja layi shi ne halin dabbar ya zama nata ne na gaske. Ka kawo kurkudu cikin tire da yashi ya haƙa raminsa da kansa, wannan halinsa ne ka dai sauƙaƙa wa kyamara. Amma ka jefa kunama da shanshani cikin kwalba don su yi faɗa ka samu masu kallo a TikTok, ko ka sa malam-buɗe-littafi a firji ya sandare ka ɗora shi a furen da ba ya sauka a kai, wannan ƙarya ce kuma zalunci ne. A 2011 an yi ta ce-ce-ku-ce a Ingila da aka gane wani sashe na wani shirin BBC mai nuna jariran farar beyar ƙanƙara a gidan zu na Holan aka ɗauke shi, hoton gaskiya ne amma mutane sun ji haushi don ba a faɗa musu a cikin shirin ba. Saboda haka in ka yi a ɗaki ka rubuta a ƙasa ko ka faɗa da baki, kuma in ka gama ka mayar da su inda ka ɗebo su.

Cikin suri kam ka haƙura da shi yanzu, gara ba ta son haske da iska, da ka buɗe za su fara liƙewa sojojin su fito, abin da za ka samu tashin hankali ne ba zamansu na kullum ba. Ka ɗauki liƙewar ma ta isa kashi guda, ɗan ɓantare kaɗan a gefe da izinin mai gona, ka sa kyamara ta riƙa ɗaukar hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa 5, in ka haɗa za ka ga bango yana tashi da kansa. In ka samu zoben makro ɗin ka kawo shago in nuna maka yadda ake saita shi, ka zo da katin memori mai sauri don slo yana cin wuri.